Babur na ihu a kan kwalta: injin ne a wahale, ko kunnenmu ne bai saba ba?

Ƙanena malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gaba da Wudil, iyalinsa kuwa suna Kano. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya nemi ya cinye masa albashi, sai ya ɗauki adashe ya cika da bashi ya sayo babur mai inji 125, irin 'yan Chinan nan da suka cika kasuwa. Bai yi wata biyu yana zirga-zirga a kansa ba ya same ni a ƙofar gida bayan magariba, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya fara.

"Yaya, anya ba jabu aka sayar mini ba? Da zarar na wuce Mariri hanya ta buɗe, allura ta kai 80, sai injin ya kama ihu kamar ana yanka shi. In taka giya ina neman wata, babu, ta biyar ce ƙarshe. Wallahi tsoro nake kada wata rana ya tarwatse a tsakanin ƙafafuna."

Na yi dariya, don ni ma na taɓa yin wannan tsoron. Duk wanda ya ɗauki ƙaramin babur ya hau doguwar hanya ya san kukan da yake faɗa. A cikin gari ba ka jin sa, cunkoso da ramuka ba sa barin ka wuce 40 ko 50. Sai ranar da ka nufi Bichi ko Gwarzo, ka murɗa totur ka riƙe shi wuri ɗaya na minti ashirin, sannan hankalinka zai dawo kan abin da ke ƙarƙashinka. Ga shi kuma yawancinmu a mota muka koyi sauraren inji. Corolla in tana tafiya 100 a hanyar Zariya, allurar juyinta tsakanin 2,000 da 3,000 take zama, injin na numfashi hankali kwance. Tirela ko 2,000 ba ta cika kaiwa ba. Ƙaramin janareton fetur na gida a kan 3,000 yake tsayawa, domin a wannan juyin ne yake ba da wuta irin ta NEPA. Wanda kunnensa ya saba da waɗannan, in aka ce masa babur ɗinsa yana juyi 7,000 a minti ɗaya, dole gabansa ya faɗi.

Amma haka ɗin ne, kuma haka maƙeransa suka nufa. Babur mai inji 100 zuwa 150, a giyar ƙarshe, in yana tafiya 60 zuwa 80, injinsa na juyawa tsakanin 4,500 da 7,000 a minti, gwargwadon yadda kowane kamfani ya tsara giyarsa. Galibin baburanmu maleji kawai suke da shi, babu agogo na biyu mai rubutun RPM da zai nuna maka juyi, shi ya sa mutane ke ta ƙiyasi da kunne. Lissafin kuwa ana iya yin sa a bayan takardar suya.

Tayar baya ta irin waɗannan baburan, mai lamba 3.00-18, in ta zagaya sau ɗaya tana cin ƙasa mita biyu ba kaɗan, wajen mita 1.93. Gudun kilomita 80 a awa yana nufin mita 1,333 a kowane minti. Ka raba wannan da wancan, za ka ga taya na zagayawa kusan sau 690 a minti. Tsakanin inji da taya kuma akwai matakai uku da ke rage juyi: haƙoran da ke haɗa karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji, da kuloci, sai giyar da ka sa, sai sarƙa da faifanta biyu, ƙarami a gaba babba a baya. A injinan da aka kwaikwayo daga Honda CG125, waɗanda su ne a cikin akasarin 125 ɗin China da ke yawo daga Kano har Maraɗi, in ka haɗa matakan uku a giyar ƙarshe, inji na juyawa kusan sau goma kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Sau goma na 690 shi ne 6,900. A gudun 60 ya zama wajen 5,200, a 100 kuma, in babur ɗin zai kai, wajen 8,600. Kowane kilomita goma da ka ƙara, ka ɗora wa inji juyi wajen 860.

Akwai wani abu a cikin wannan lissafin da mutane ba sa lura da shi, kuma shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya. Muddin kuloci na kamawa, juyin inji a ɗaure yake da gudun taya. Kai kaɗai ne a kai, ko ka goyo mutum biyu da buhun masara, in allura tana kan 70 a giya ta biyar, juyin ɗaya ne. Abin da ke bambanta shi ne yawan totur ɗin da sai ka murɗa kafin ka riƙe 70 ɗin. Zan dawo kan wannan.

To me ya sa tun farko ba a yi shi yana juyawa a hankali irin na mota ba? Saboda ƙanƙantar cikinsa. Lambar nan 125 girman silinda ce, wato abin da fistin ke iya zuƙa na iska da mai a jan numfashi ɗaya, kuma wajen cokali takwas ne na cin abinci, ko rabin gwangwanin lemo bai kai ba. Ƙarfin inji kuwa daga yawan abin da ya ƙona a minti yake fitowa. Mai cika randa da moɗa dole ya fi mai tulu yawan zuwa rijiya.

Ku tuna tsohon injin niƙa na Lister, baƙin nan mai manyan ƙafafu biyu da ake jin bugunsa tif, tif, tif daga ƙarshen unguwa. Cikinsa ya haura lita ɗaya da kwata, nauyinsa ya wuce kilo 300, juyinsa 650 kacal a minti, ƙarfinsa na doki shida. Bajaj Boxer mai inji 100, wanda ɗan acaɓa ke ɗaga bayansa da hannu ɗaya ya juya shi a lungu, yana ba da ƙarfin doki wajen takwas daga cikin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na Lister ba. Inda ya samo wannan ƙarfin shi ne juyi. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa sai a 7,500 ƙarfin ke cika. Boxer mai 150 ma haka, doki goma sha biyu a 7,500. In ka sauko da ƙaramin zuwa 3,000 inda Corolla ke shaƙatawa, ko rabin dawakan nan ba za ka samu ba. Wurin da ƙanena yake jin kamar ana yanka injinsa, nan ne wurin aikinsa.

Sai dai tambayar da ta fi dacewa ita ce ta lalacewa: abin da ke juyawa sau 7,000 a minti ba zai riga mai 3,000 cinyewa ba? A nan ne lambar juyi ke yaudarar mutum. Goga jiki da fistin da zobbansa ke yi da bangon silinda ya danganta da nisan tafiyar da fistin ke yi a daƙiƙa, kuma fistin ɗin ƙaramin inji gajeriyar tafiya yake yi. A CG125 daga sama zuwa ƙasa milimita 49.5 ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A juyi 7,000, in ka haɗa hawa da sauka, matsakaicin gudunsa mita 11.5 ne a daƙiƙa. Injin Corolla mai lita 1.8 na farkon shekarun 2000 tafiyar fistinsa milimita 91.5 ce, kusan ninki biyu. Shi a juyi 3,800 yake kai wannan gudun na mita 11.5. Wane direba ne zai firgita don allurar Corolla ta taɓa 3,800? Masu ƙera inji sai fistin ya doshi mita 20 a daƙiƙa suke fara cewa an zo gaɓa, kuma CG125 ko a juyi 9,000 bai kai mita 15 ba. Boxer 150 tafiyar fistinsa ta ɗan fi tsawo, milimita 58.8, shi ya sa yake da ja tun daga ƙasa kuma ba ya son a kai shi can sama kamar ɗan'uwansa.

Don a ga iyakar abin, a farkon shekarun 1990 Honda ta sayar da wani babur mai inji 250 da silinda huɗu, CBR250RR, wanda jan layinsa, wato iyakar juyin da aka yarje wa injinsa, ke kan 19,000. Babur ne na titi, mai lamba da fitila. Sirrinsa fistin ƙanana masu tafiyar milimita 33.8.

Kada a ɗauka ina cewa juyi ba shi da illa ko kaɗan. A 7,000, fistin na tsayawa cak ya juya baya fiye da sau 230 a kowace daƙiƙa, mai na fashewa a silinda sau 58, bawul na buɗewa ya rufe sau 58. Fizgar da wannan tsayawa da juyawa ke yi wa sandar fistin da boris ɗinta ba a hankali take ƙaruwa ba. In juyi ya ninka sau biyu, ita sau huɗu take ninkawa. Daga 6,000 zuwa 8,500 kawai ta riga ta zama biyu. Saboda haka akwai tazara babba tsakanin wanda ke tafiya a 6,500 da wanda ya kwanta a kan tanki ya ƙure maleji daga Kano har Ɗambatta. Na farko yana amfani da injinsa, na biyu yana cin jarin. Ƙa'idar da nake bi, kuma na ji makanikai da dama suna faɗin irinta, ita ce a doguwar tafiya kada ka wuce kashi uku cikin huɗu na iyakar gudun da babur ɗin zai iya. In ƙarshensa 100 ne, zauna tsakanin 70 da 80. In Boxer 100 ne da ke ƙarewa wajen 85 ko 90, to 60 zuwa 65 ya ishe ka.

Yanzu mu koma kan totur, don a nan ainihin wahalar inji take ɓuya. Abokin gabar ƙaramin babur a buɗaɗɗiyar hanya iska ce. Mutum a zaune miƙe a kan babur, ga babbar riga ko jaka a baya, tamkar ƙofa ce ake turawa cikin iska. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hauhawa fiye da yadda hankali ke zato. Daga 60 zuwa 80 ƙarin gudun kashi ɗaya cikin uku ne, amma ƙarfin da iska ke ci ya ninka fiye da sau biyu. Daga 60 zuwa 90 ya haura ninki uku. Mota mai doki ɗari da ɗoriya ba ta ma san an yi ba. Babur mai doki goma kuwa, a 60 yana amfani da ɗan kaɗan daga ƙarfinsa, a 90 ya miƙa duk abin da ya mallaka.

Shi ya sa nake cewa hannunka na dama ya fi kunnenka sanin halin da inji ke ciki. Kana tafiya 75, ka ɗan ƙara murɗawa, in babur ya amsa ya ƙara gudu, akwai saura a hannu, injin na cikin walwala komai ihunsa. In ka murɗa har ƙarshe allura ba ta motsa ba, to ka kai shi bango, kuma a nan ne zafi ke taruwa. A lokacin hunturu wanda ya nufi arewa maso gabas, kamar daga Kano zuwa Haɗeja, yakan sha karo da iska gaba da gaba. Gudun 70 da jiya ake yi da rabin totur, yau sai an ƙure shi. Juyin bai canza ba, ƙarar ma kusan ɗaya ce, amma wutar da ke ci a kan fistin ta yi nisa da ta jiya. Haka in ka yi goyo, haka in hanya ta fara hawa. A irin wannan hali a sassauta zuwa 60, ko a sauko giya ɗaya, ya fi wa injin sauƙi ko da kukansa zai ƙaru.

Na koyi wannan darasin da kuɗina. Wata shekara cikin watan Afrilu, ana tsakar zafin nan da kwalta ke narkewa, na goyo abokina za mu ɗaurin aure Kazaure, mun makara. Tun daga fitar gari na ƙure totur ban sake shi ba. Mun wuce Ɗambatta da kaɗan na ji babur ya fara nauyi kamar wani ya riƙe shi ta baya, wani wari na ƙonannen mai ya taso, sai wata 'yar ƙara siririya kamar ana kaɗa cokali a kofi. Allah ya sa na damƙe kuloci kafin taya ta ƙulle. Muka gangara gefe, injin na ta ƙas-ƙas shi kaɗai yana hucewa. Na taka kik, ko motsi. Muka tura shi har wurin wani bakanike da ke ƙarƙashin darbejiya. Bai tambaye ni komai ba, ya kwance noti na ƙasa ya tara gwangwani. Abin da ya zubo baƙi ƙirin ne, tsararo kamar ruwa, bai cika gwangwanin madara biyu ba.

Na ce, "Oga, gudu ne ya yi masa yawa ko?"

Ya shafa man a yatsa ya nuna mini. "Malam, yaushe rabonka da juye?"

Na yi shiru ina lissafi. Ya ce, "Shi ke nan, ka ba ni amsa. Ƙishirwa ce ta kashe shi." Da ya buɗe kan injin ya zaro fistin, gefensa duk ya kakkarce kamar an ja shi a kan siminti. Ɗaurin auren da ba mu samu ba ke nan.

Waɗannan injinan ba su da lagireto. Iskar da ke bi ta tsage-tsagen ƙarfen jikin silinda, masu kama da haƙarƙari, ita ke sanyaya su daga waje, baƙin mai kuma daga ciki. Man nan gaba ɗaya wajen lita ɗaya ne, kuma shi ɗin ne dai ke hidimar inji da giya da kuloci. Mota na ɗaukar lita huɗu, ta yi asarar rabin lita ba ta ji ba. Babur in ya rasa kwatan lita ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa. Doguwar tafiya a juyi mai yawa kuma tana sa kowane inji ya ɗan sha mai, ballantana wanda zobbansa suka fara tsufa. Ni dai tun daga ranar ba na hawa doguwar hanya sai na kafe babur a tsaye na zaro sandar awo na duba, kuma ba na bari juye ya wuce kilomita 1,500, ko littafin kamfani ya ba da tazarar da ta fi haka. Ƙurarmu daban take.

Wani abin da ke dafa inji shi ne matse kafireta. Tun da mai ya yi tsada, ana yawan zuwa wurin bakanike a ce a rage masa shan mai, shi kuma ya sauke allurar ciki ko ya sa jet mai ƙaramin rami. A cikin gari za ka ga kamar ka ci riba. A kan babbar hanya kuwa, cakuɗen da iska ta yi wa mai yawa ya fi zafi, kuma a daidai lokacin da ka buɗe totur sosai ne injin ke buƙatar ɗan rarar fetur don sanyaya kan fistin. Fulogi ba ya ƙarya. Bayan doguwar tafiya, in ya huce, kwance shi ka duba bakinsa. Launin shayi mai madara lafiya ke nan. Fari fat kamar alli yana nufin mai ya yi kaɗan, kuma kuɗin da ka tsimi a gidan mai za ka kai su wurin mai sayar da fistin. Baƙi mai kunkunniya kuma mai ne ya yi yawa, sau da yawa saboda matatar iska ta toshe da ƙura.

Af, da batun tsayawa a zuba wa inji ruwan leda don ya huce. A daina. Ƙarfe mai zafi da aka watsa wa ruwan sanyi a gefe ɗaya yana iya karkacewa ko ya tsage. Lafiyayyen inji da ke tafiya 70 yana kaiwa wani mataki na zafi ya tsaya a nan, ba ya ta hauhawa har abada, kuma iskar da yake samu ta fi wadda yake samu a cunkoson Kantin Kwari nesa ba kusa ba. Tsayawa bayan awa ɗaya abu ne mai kyau, amma bayanka da idonka sun fi injin buƙatarsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu tsoron ihun inji su ne kuma suka fi yi masa illa ta ɗaya gefen. Dubi yadda 'yan acaɓa da yawa ke tuƙi: da an tashi, taka, taka, taka, kafin a kai 30 an riga an shiga giyar ƙarshe, ga fasinja biyu a baya, wai don a tsimi mai. A gudun 30 a giya ta biyar juyin bai wuce 2,600 ba. In aka murɗa totur a nan, sai ka ji injin yana ƙwanƙwasa, sarƙa na fizga, babur na rawa. Kowace fashewa na sauka a kan fistin da ke tafiyar hawainiya, duka ya zarce kan boris, famfon mai kuma da ke bin juyin inji yana turo mai kaɗan a daidai lokacin da ake buƙatarsa da yawa. Kunne na jin shiru ya ɗauka lafiya ce. A ganina wannan ɗabi'a ta fi kai injina wurin garambawul fiye da tafiyar 75 a kan kwalta mai kyau.

Ƙanena, kamar kowa, ya zo da shawarar da aka ba shi a majalisa: a canza masa ƙaramin faifan sarƙa na gaba zuwa mai haƙori ɗaya ƙari. Dabarar gaskiya ce. Daga haƙori 15 zuwa 16 juyi na sauka da kashi shida cikin ɗari da ɗan ɗoriya, 6,900 ya koma wajen 6,470. Rawar hannu na raguwa, kukan ya yi laushi, mai ma ya ɗan ragu in hanya shimfiɗaɗɗiya ce kuma kai kaɗai ne. Kuɗinsa kuwa ja ne. Tashi zai yi nauyi, hawa zai sa ka sauko giya da wuri, kuma sau da yawa ƙarshen gudun ma raguwa yake yi, domin injin ba ya iya tura kansa ya isa juyin da ƙarfinsa ke cika. Ga malamin makaranta siriri da ke bin hanyar Wudil da jakar littattafai, haƙori ɗaya ba laifi. Ga mai ɗauko buhun gero daga kasuwar ƙauye ta cikin yashi, ya bar shi yadda kamfani ya yi. Haƙori biyu kuwa a kan inji 125 ya zama an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Akwai dai lokacin da kuka ke nufin matsala, kuma lissafinmu na farko shi ke tona ta. Tun da juyi a ɗaure yake da gudu, in ka saba jin wani sauti a 70, sai yau ka ji ya fi haka tsini alhali allura na nan a 70, ko ka murɗa totur inji ya yi sama babur bai bi shi ba, to kuloci ne ke sulɓewa. Ko farantansa sun cinye, ko wayarsa ta yi tsauri ba a bar mata ɗan sako-sako ba, ko an zuba man mota. Kulocin babur cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma ana sa musu sinadarin rage goga da ke sa shi santsi. Shi ya sa ake neman rubutun JASO MA, alamar cewa man ya dace da irin wannan kuloci, a jikin gorar man babur. Sabuwar rawa da ba ka saba ji ba, duba notikan da ke riƙe inji da jikin babur kafin ka zargi cikinsa. Ƙara mai kama da keken ɗinki daga saman inji bawul ne ke neman a daidaita shi. Wanda kuma ya fasa salansa don a ji shi daga nesa, ba shi da bakin yin ƙorafin ƙara.

Masu tsofaffin babura da ake haɗa wa fetur da mai, irin Jincheng AX100 da Suzuki ɗin da aka kwaikwayo shi daga gare ta, nasu sautin ya fi tsini, domin inji mai bugu biyu yana fashewa a kowane juyi, inda mai bugu huɗu sai ya yi biyu. Kunne sai ya ji kamar juyin ya ninka. Sabon babur kuma hukuncinsa daban: kilomita 500 zuwa 1,000 na farko ba a ƙure masa totur, ba a kuma riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci, sannan a yi masa juyen farko da wuri. Da na tambayi ƙanena ko ya yi haka, sai ya kama sosa ƙeya.

Duk wannan bayani kan abin da inji zai iya ne. Abin da ya kamata a yi wani zance ne. Littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya, wanda hukumar kiyaye haɗurra ke aiki da shi, kilomita 50 a awa ya yanka wa babur, a cikin gari da kan babbar hanya. Kowa ya san ba a bi, kuma tafiyar 50 a gefen tireloli tana da nata haɗarin. Amma birkin ganga da siririyar tayar da ke kan waɗannan baburan sun fi injin saurin gazawa. Nisan da kake buƙata ka tsaya a 80 ya kusa ninka na 60 sau biyu, kuma akuyar da za ta tsallaka titi a Garko ba ta san da wannan lissafin ba. Injin zai jure 80. Kan da ba hular kwano ba zai jure 40 ba.

Da ya ƙi gamsuwa da lissafin takarda, sai na samo masa 'yar ƙaramar na'urar nan ta awon juyi, mai kamar akwatin ashana, wadda ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi. Ranar Asabar da safe muka ɗaura ta a kan hannun babur da roba. A tsaye, injin na sulo, ta nuna 1,400. Ya goya ni muka fita hanyar Wudil, na buɗe taswirar waya ina kallon gudu. Da allurar maleji ta hau 80, wayar cewa ta yi 74, na'urar kuma 6,400. Maleji dama yakan ɗan yi ƙari, ashe ihun da ke hana shi barci ko 7,000 bai kai ba. Na ce ya ƙara murɗawa, babur ya amsa duk da nauyina. Muka tsaya a gefen hanya muka zaro sandar mai, ya sauka ƙasa da rabi, ya yi baƙi. Daga nan wurin juye muka zarce.

Bai canza faifan ba har yau. Yana tafiya 70 a malejinsa, ya ce yanzu kukan ba ya damunsa. Sai dai kwanan baya da ya goya ni zuwa Hotoro, muna hawa titi sosai na ga ƙafarsa ta hagu ta sake taka giya tana neman ta shida.